Yadda Ake Share Kofaton Doki

1. Ɗaure dokin, ka tsaya gefen kafaɗarsa kana fuskantar wutsiya.

2. Shafa ƙafar daga sama zuwa ƙasa, ka ɗan matsa agara. Da kansa zai ɗaga.

3. Kwaƙule laka da tsakuwa da ƙugiya, daga dunduniya zuwa gaba. Tsokar nan mai laushi ta tsakiya, a bi ta a hankali. In ka ga baƙin ruwa mai ɗoyi a lungunanta, danshin turke ne ya fara ruɓar da ita, sai a busar da wurin tsayuwarsa. Nan fa aka fi yin sakaci.

4. Ƙusa ta shige? Kada ka zare ta, kira likitan dabbobi nan take.

Kullum ake sharewa. Datsewa kuwa, duk mako 6 zuwa 8.