Darasi na 7: Abincin Wanda Jikinsa Ke Fasa Jininsa

A zangonninmu na Kumasi, daga Aboabo har Asawase, da zarar an ce wance ba ta da jini, sai kowa ya kawo tasa dabarar: "A sayo mata tonik." "A haɗa mata Malta da madarar gwangwani." Niyya mai kyau ce. Sai dai ƙarancin jini iri-iri ne, kuma akwai wanda tonik ba ya yi masa komai.

Jajayen ƙwayoyin jini kan yi kwana 120 suna aiki kafin su mutu. A wannan ciwon, garkuwar jiki, wadda aikinta kashe ƙwayoyin cuta, ita ce ke juyowa ta farfasa su tun lokacinsu bai yi ba. Mutum ya riƙa kasala, zuciya na bugawa, idanu su yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi. Da gwajin jini mai suna Coombs ake gane shi, a babban asibiti irin Komfo Anokye. Abinci ba ya warkar da shi. Taimakon magani yake yi.

Mu fara da tonik. Yawancinsu sinadarin ayon, wato ƙarfe, ne a ciki. Mai wannan ciwo kuwa sau da yawa ba ayon ya rasa ba, domin jiki na kwashe na ƙwayoyin da suka fashe ya sake aiki da shi. In ana yi masa ƙarin jini a kai a kai, ayon ɗin ma yawa yake yi har ya cutar da hanta. Don Allah kada a sha sai likita ya gwada ya ce a sha.

Abin da jiki ke ƙishirwarsa shi ne folik asid, wani nau'in bitamin, domin ɓargo na ta saurin ƙera sabon jini dare da rana. Likita kan rubuta ƙwayarsa, tukunya kuma ta ƙara: kontomire, alayyafo, kuɓewa, gyaɗa, hanta, da waken da ke cikin waakye da ƙosai. Duk akwai su a kasuwar Kejetia, ba su fi ƙarfin talaka ba. Amma 'yan uwa mata, a kula: doguwar dahuwa na kashe folik asid ɗin. A zuba ganye daf da sauke miya, a sauke shi yana kore.

Sai maganin prednisolone, wanda akasari da shi ake farawa. Yana buɗe ciki, ya hau da suga da hawan jini, ya raunana ƙashi. Saboda haka a rage masu gishiri irin su koobi, momoni da dunƙulen Maggi. Koko da sobolo a sha da suga kaɗan. Don ƙashi kuwa, a ci ƙananan kifi da ƙayarsu, da wagashi soyayye, da nonon da aka tafasa. Maganin na rage ƙarfin garkuwa, don haka abinci ya zama da zafinsa, ruwa mai tsabta. Ba a daina maganin farat ɗaya, ko da an ji sauƙi. Kafin azumi ma a je a ga likita.

Akwai nau'in ciwon da sanyi ke tayarwa. In naka ne, bar ruwan firji da ƙanƙara.

Aikin gida: rubuta abin da kuka ci jiya tun daga safe har dare. Ja layi a ƙarƙashin mai ganye ko wake, ka zagaye mai gishiri da yawa. Ka zo da takardar aji na gaba.