Yadda uba mai renon yara zai taimaki masu ciwon daji a Damagaram

Magidancin da yake zaune gida da yara, uwargida tana wurin aiki, zai iya taimaka wa ƙungiyar tallafa wa masu ciwon daji idan ya tsara lokacinsa. Da farko, ya gaya wa shugabannin ƙungiyar ranakun da zai samu, ya fi mayar da hankali ga safiya, lokacin da manyan yara suke makaranta, sannan ya daidaita tun da wuri da kaka ko gwaggo wadda za ta riƙe ƙaramin.

Yawancin aikin ana iya yin sa daga gida ta waya: tuna wa marar lafiya ranar ganin likita, ko tattara gudummawar kuɗin mota ga waɗanda aka tura cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 da take durƙusar da iyalai.

Kada ya kai yara ɗakin majinyata. Magungunan ciwon daji suna raunana garkuwar jiki, saboda haka idan yaro yana tari, zazzaɓi ko ƙyanda, wajibi ne uban ma ya ɗage ziyararsa. Kafin watan Oktoba, watan faɗakarwa kan sankarar mama, ya nemi ƙarin mai riƙon yara, domin ayyuka suna yawaita.