Kafin a haƙa salanga, a fara duba rijiya

'Yan uwa na Damagaram, duk mai shirin haƙa salanga a gida don Allah ya tsaya ya auna kafin a sa diga a ƙasa. Mu da muka san wahalar ruwa, wani lokaci famfo ya ɗauke sai bin 'yan garuwa da rijiyoyi, bai kamata ɗan wanda muke samu mu ɓata shi da hannunmu ba.

Tsakanin ramin da rijiya a bar aƙalla metir 30, wajen taku 40 na babban mutum. Ba rijiyarka kaɗai ba fa, har ta maƙwabci ta bayan katanga, don ƙazanta a ƙarƙashin ƙasa ba ruwanta da iyakar fili, ka leƙa ka tambaye shi ba abin kunya ba ne. Kuma salanga ta zauna ta gangare, rijiya ta tudu.

Sai zurfi, nan ne aka fi yin kuskure. Mutum ya haƙa da rani ya ga rami ƙaƙas ya ce alhamdulillahi, Agusta na zuwa ruwan ƙasa ya taso ya haɗe da kashi, daga nan sai amai da zawo a yara. Ka ɗaura dutse a igiya ka zura rijiya mafi kusa da kai a tsakiyar damina ka ga inda ta jiƙe, gindin raminka ya tsaya metir 2 sama da nan. Mutanen wajen Korama, su Magarya da Matamaye inda ruwa ke kusa, ku wannan ya fi shafa. Mu kuma na cikin gari dutse ne matsalarmu, yashi yana tace ƙazanta amma tsagar dutse wucewa kawai take yi da ita har nesa, to in ka ci karo da dutse mai tsaga kar ka dage, ka yi rami gajere ka ɗaga ginin sama da bulo da sima, ka ƙara nisa.

Bakin tafki da hanyar ruwan sama a kauce musu gaba ɗaya. A ɗaure bakin ramin kar ya rufta, a sa murfi saboda ƙuda, buta da sabulu ko toka a ƙofa. In fili ya yi kaɗan metir 30 ba ta samuwa, je ka ga ma'aikatan tsafta na mairi, wato ofishin magajin gari, kafin ka kira magini.