Yadda Ake Amfani da Murhun Girki Mai Haɗa Gas da Lantarki, da Yadda Ake Kula da Shi

Murhun da ake magana a kansa shi ne dogon nan mai tsayuwa da ƙafafunsa, wanda ke aiki da iskar gas da wutar lantarki a jiki ɗaya. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai wanda kawunan samansa duk na gas ne, obin ɗin da ke ƙasa kuma na lantarki. Akwai kuma wanda aka fi gani a gidajen Najeriya, mai kan gas uku da hotfilet ɗaya (wato farantin ƙarfe mai zafi da lantarki), ko kan gas huɗu da hotfilet biyu, obin ɗinsa kuwa wani na gas ne wani na lantarki. Amfaninsa a fili yake: in an ɗauke wuta ga gas, in gas ya ƙare ana tsakiyar girki ga wuta. Sai dai na'urori biyu ne aka haɗa wuri guda, kowacce da ƙa'idarta, kuma akasarin matsalolin da ake kira wa mai gyara tun ranar kafa murhun suka samo asali.

Ranar kafawa: ɓangaren gas

Kafin a haɗa komai, a leƙa bayan murhun a karanta ƙaramin allon da ke manne a jikinsa. Murhu da yawa, musamman na hannu da ake shigowa da su daga Turai, an saita su ne don gas ɗin bututu, wanda ake rubuta masa G20. Gas ɗinmu na tukunya alamarsa G30 ko G31, ko a ga an rubuta LPG. Bambancin yana cikin nozul, wato ɗan ƙaramin ƙarfe ruwan tagulla mai huda a tsakiya da ke ƙarƙashin kowane kan murhu. Hudar nozul ɗin gas na bututu ta fi faɗi. In aka haɗa shi da tukunya haka nan, wuta za ta tashi sama tana ja, gindin tukwane ya yi baƙi ƙirin, gas kuma ya riƙa ƙarewa da wuri. Sababbin murhu galibi suna zuwa da 'yar leda mai ɗauke da nozul na LPG a cikin kwali. Kada a yar da ita. Mai gyaran gas ne zai canja su, kowane kai da girmansa, sannan ya saita ɗan sukurun da ke cikin makunni don kada wuta ta mutu idan an rage ta.

Regileta, wato na'urar da ake maƙalawa a bakin tukunyar gas don daidaita fitarsa, ta zama mai ƙaramin matsi, wadda aka rubuta 28 zuwa 30 mbar a jikinta. Wadda ake murɗawa a ƙara ƙarfi, irin ta masu suyar ƙosai da babban murhun waje, ba ta dace da wannan ba, tana tura gas fiye da abin da makunnan za su ɗauka.

Tiyo ya zama na gas zalla, ba na ruwa ba, tsawonsa kada ya wuce mita ɗaya da rabi. A ɗaure bakinsa biyu da kilif na ƙarfe mai sukuru. Ɗaurin roba ko waya ba ɗauri ba ne. A lura kada ya bi ta bayan obin, domin bayan yana zafi sosai, yana busar da tiyo har ya tsage. Tukunyar gas kuma a tsaye take zama, a inda iska ke ratsawa, ba cikin rufaffiyar durowa ba, ba kuma a rana ba. A duba shekarar da aka ƙera ta a jikin mariƙinta. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, SON, ta ƙayyade shekara 15 a matsayin wa'adin tukunya.

Bayan an gama haɗawa, a kaɗa omo ko sabulu a ruwa har ya yi kumfa, a buɗe regileta, makunnan murhu duk a rufe, a shafa kumfar a bakin tukunya da bakin tiyo biyu. In kumfa ta fara kumbura tana yin ƙwai, gas na fita. A rufe, a sake ɗaurewa, a sake gwadawa. Har abada ba a neman yoyon gas da ashana. Wannan gwaji a maimaita shi duk lokacin da aka dawo daga ɗurin gas, domin 'yar robar da ke cikin bakin tukunya tana cinyewa ko ta faɗi a wurin ɗuri.

Ranar kafawa: ɓangaren wuta

Nan ne aka fi yin ganganci. Fulogi mai ƙafa uku na gida, mai fis 13A, iyakar abin da yake ɗauka wat 3,000 ne a wutar 230V. Hotfilet ɗaya yana cin wat 1,000 zuwa 2,000, obin na lantarki kuma wat 2,000 zuwa 3,000. A tara jimillar daga allon bayan murhu. In ba ta kai 3,000 ba, soket na bango mai kyau ya wadatar, amma shi kaɗai, kada a haɗa shi da firji ko butar lantarki. In ta haura, sai mai aikin wayarin ya ja masa layinsa daban tun daga akwatin rarraba wuta: waya mai kauri 6mm², bireka 32A, da babban makunnin murhu na 45A a bango, a gefe, inda hannu zai kai ba tare da an miƙa shi ta saman wuta ba.

Ekstenshan kuwa haramun ne ga wannan murhu. Siririyar wayarsa tana ɗumi a hankali, roba ta narke, bakin soket ya yi baƙi, daga nan sai gobara.

Wayar at, wato mai kai wutar da ta zille zuwa ƙasa, mai launin kore da rawaya, dole a haɗa ta, kuma a tabbatar gidan kansa yana da at mai aiki. Jikin murhu ƙarfe ne, mai girki kuma sau da yawa hannunta a jiƙe yake, ƙafa ba takalmi. Duk murhun da ke ɗan jan mutum idan an taɓa shi, a kashe shi daga bango a kira mai gyara a ranar.

A ƙarshe a daidaita ƙafafun ta hanyar murɗa su har murhun ya zauna daram. A zuba ruwa a faranti a ɗora a kai, za a ga ɓangaren da ya karkata. In ya zo da sarƙa ko ƙarfen maƙalawa a bango, a maƙala, saboda yaro na iya taka ƙofar obin ya kifo shi, tuƙin tuwo ma yana girgiza shi.

Kunna kan gas

A buɗe regileta. A danna makunni ciki, a murɗa shi hagu zuwa alamar babbar wuta, a danna maɓallin tartsatsi. In babu wuta a gida tartsatsin ba zai yi ba, sai a fara ƙyasta ashana tukuna sannan a murɗa gas, ba akasin haka ba. Murhun da ke da na'urar tsaro za a ga ɗan tsinken ƙarfe kusa da kan. Irinsa sai an ci gaba da danne makunni na daƙiƙa 5 zuwa 10 har tsinken ya yi zafi, in ba haka ba wutar ta mutu da an saki. Aikinsa shi ne datse gas idan iska ko tafasar miya ta kashe wuta. In an gwada ba ta kama ba, a rufe, a jira minti ɗaya gas ɗin ya watse kafin a sake. Obin na gas ma haka, kuma ƙofarsa a buɗe ake kunna shi.

Lafiyayyar wuta shuɗiya ce, a zagaye, ba giɓi. Harshenta kada ya wuce gindin tukunya. Wanda ya leƙo gefe asarar gas ne kawai. Babban kai mai ƙarfin kilowat 3 yana shan kusan giram 220 a awa, matsakaici kusan giram 130, ƙarami kusan giram 70. Ke nan tukunya mai kilo 12.5 za ta yi kusan awa 57 a kan babban kai in an ƙure shi. Da miya ta tafasa a rage wuta a rufe tukunya, ko a mayar da ita ƙaramin kai. Babbar tukunyar biki kuma ba ta wannan murhu ba ce: tana danne wuta, zafin ya bazu ya narka makunnai, ƙarafan da take zaune a kai su lanƙwashe.

Hotfilet da obin

Sabon hotfilet a kunna shi ba tukunya na 'yan mintuna har hayaƙin man da aka shafa masa ya fita. Daga wannan rana kada a sake barinsa ya daɗe a kunne babu komai a kai. Yana son tukunya mai shafaffen gindi, busasshe, daidai faɗinsa. Tukunyar ƙarfe mai zagayayyen gindi da ake ɗorawa a murhun itace ba ta zama a kansa, wuri kaɗan take taɓawa, wutar ta tafi a banza. Lamba 5 da 6 na tafasa ne da suya, 3 da 4 na dahuwa a hankali, 1 da 2 na ɗumame. Yana jinkirin ɗaukar zafi, yana jinkirin hucewa, don haka a kashe shi minti 5 zuwa 10 kafin abinci ya gama, ragowar zafin ya turara shinkafa. Abu mafi haɗari: a ɗauke wuta ana girki, a koma gas a manta makunnin hotfilet a kunne, wuta ta dawo cikin dare. Da an ɗauke wuta, a mayar da shi sifili nan take.

Sabon obin a kunna shi babu komai ciki, a ƙure zafi na minti 30 zuwa 45, tagogi a buɗe. Kafin kowane gashi a bar shi ya yi zafi minti 10 zuwa 15. Kek yana son digiri 180 a tsakiyar obin. In mai fanka ne a rage 20, ya zama 160. Kada a shimfiɗa takardar foyil a ƙasan obin, tana tare zafi ta lalata fentin. A sa tire a ƙarƙashin kaza ko nama ya tari mai.

Abu biyu suna ruɗa mutane. Obin mai agogon lambobi, in an ɗauke wuta aka dawo da ita, agogon zai riƙa ƙyaftawa, kuma a murhu da yawa obin ba zai tashi ba sai an sake saita lokaci. Na biyu, raunin wuta. In wuta ta faɗo daga 230V zuwa 180V, zafin da obin ke bayarwa yana komawa kusan kashi 60 cikin 100, kek ya ƙi tashi, a ɗora wa murhu laifi. Ƙaramin janareta da ba ya kai wat 1,000 kuwa ba ya ɗaukar ko hotfilet ɗaya.

Wanne ya fi sauƙin kuɗi? Aikin da kilo ɗaya na gas ke yi a tukunya, hotfilet zai ci kusan yunit 9 zuwa 10 kafin ya yi shi. A ninka da kuɗin yunit na unguwa a gwada da kuɗin kilo. Tun da hukumar kula da harkar lantarki, NERC, ta ɗaga yunit na rukunin Band A, wato masu samun wuta mafi yawa, zuwa naira 225 a Afrilun 2024, lissafin ya canja wa gidaje da yawa, gara kowa ya yi nasa.

Tsafta da ƙananan gyare-gyare

A kashe wuta daga bango, a rufe regileta, a bari ya huce. Kunu, koko, miyar kuɓewa ko manja da ya zube a goge shi a ranar, kafin ya ƙone ya zama ɓawo. Sau ɗaya a mako a ɗage ƙarafan ɗora tukunya, da baƙar hular kowane kai, da zoben da ke ƙarƙashinta mai ƙananan tsagu. A jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, a bi tsagun da tsohon buroshin haƙori. Zoben yawanci na alminiyam ne, kanwa da soda suna baƙanta shi suna cinye shi, a nisanta su. A bari su bushe sarai, a mayar da kowanne ya zauna daidai mazauninsa. Hular da ta karkace ita ke sa wuta fita ɓangare ɗaya ko ta riƙa yin fat-fat.

In wutar kai ɗaya ta ragu alhali sauran lafiya lau, nozul ɗinsa ne ya toshe, musamman lokacin hunturu da ƙura ta yi yawa. A zura siririn silin waya guda a hudar a hankali, a fitar. Kada a cusa allura mai kauri ana juyawa, hudar in ta buɗe ba ta komawa. In duka kawunan ne suka yi rauni, a duba nauyin tukunya, da regileta, da tiyo ko ya lanƙwashe. Tartsatsin da ke ƙara amma ba ya kamawa, farin tsinken da ke gefen kai ne ya jiƙe ko ya yi maiƙo. A goge shi da busasshen ƙyalle.

Hotfilet a goge da ɗanyen tsumma, a kunna shi ɗan lokaci ya bushe, a shafa ɗigon man gyaɗa don hana tsatsa, musamman da damina. Cikin obin a kwaɓa bekin soda da ruwa a shafa, a kauce wa ƙarafan zafi da fanka, a bari ya kwana, a goge. Soson ƙarfe yana kankare fenti da gilas. Robar da ta zagaye ƙofa in ta saki ko ta yage a canja, don ta nan zafi ke tserewa ya ƙona makunnai. Murfin gilas na sama ba a rufe shi sai kawunan sun huce, yana iya tarwatsewa. Duk wata biyu ko uku a jawo murhun a share bayansa, saboda ɓeraye suna son audugar da ke jikin obin, suna kuma gaigayar waya da tiyo. Tiyon da ya ƙandare ko ya fara tsattsagewa a canja shi ba jira.

In an ji warin gas

Gas na tukunya ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Kada a kunna ko a kashe kowane makunnin lantarki, har da fanka da fitila, kada a ƙyasta komai. A rufe regileta, a buɗe ƙofofi da tagogi, a fitar da yara, a fitar da tukunyar fili. In mai ne ya kama a kasko, a kashe murhu a kife masa murfin ƙarfe, kada a watsa ruwa. In wuta ta fi ƙarfi, kowa ya fita, a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa 112 daga waje.