Kallon rana da ɗaukar hotonta da na'urar hangen nesa

Ko yaro ya san abin da gilashin ƙara girma yake yi wa takarda idan aka tara hasken rana a kanta. Aikin na'urar hangen nesa ke nan, sai dai ta fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma idonka ne a madadin takardar. Tantanin da ke bayan ido ba ya jin ciwo. Mutum zai iya ƙona shi bai sani ba, sai bayan wasu sa'o'i ya ga duhu a tsakiyar ganinsa, wanda wataƙila ba zai gushe ba. Don haka maganar matacin haske ce kan gaba, ta kyamara daga baya.

A bakin na'urar ake sa matacin, wato inda hasken yake shiga, ba inda kake kafa ido ba. Wasu tsofaffin na'urori suna zuwa da wani ɗan baƙin gilashi da ake murɗawa a gindin maleƙi, wato ƙaramin gilashin da ake kafa ido a kansa. Ka jefar da shi. Wurin da yake zama nan ne zafi yake taruwa, yana iya tsagewa idonka na kai. Tabarau mai duhu, gilashin da aka turara da hayaƙi, fim ɗin hoton ƙashi, faifan CD, duk ba su da gurbi a wannan aiki. Tabarau na kallon husufi mai lambar ISO 12312-2 na ido tsura ne, ba a sa shi a leƙa na'ura, hasken da ta tara zai huda shi.

Abin da yawancin masu wannan sha'awa suke amfani da shi shi ne wata siririyar leda mai rufin ƙarfe, irin Baader AstroSolar. Ka duba lambarta da kyau. Mai lamba 5.0 tana barin kashi ɗaya cikin 100,000 na hasken ya wuce, da ita ake kallo. Mai lamba 3.8 ta kyamara ce kaɗai, ta yi wa ido haske da yawa.

Haɗa mata gida ba wuya. Ka yanka zobba biyu na kwali mai kauri, ramin tsakiyarsu daidai faɗin bakin na'urar. Ka shimfiɗa ledar a tsakaninsu, ka manne da salatif mai gam fuska biyu. Kada ka ja ta ta yi tsam kamar fatar ganga. 'Yar tattarewa ba ta ɓata hoto, ja ne yake ɓata shi. Sannan ka naɗe wani kwalin mai faɗin santimita 5 a jikin bututun ya zama hula, ka manna zobban a kansa. Hular ta shiga da ƙyar, kuma duk da haka ka ƙara mata salatif a wuri uku, saboda iska da hannun yaro ba sa sallama. Duk ranar da za ka yi aiki, ka fara ɗaga matacin a gaban fitila mai ƙarfi. In ka ga tsaga ko huda, ka canza leda.

Ƙaramin madubin nemo abin kallo da ke kan bututun, shi ake yawan mantawa. Ka rufe bakinsa ko ka cire shi. Inuwa ce za ta nemo maka rana: ka juya mata baya, ka riƙa motsa bututun kana duban inuwarsa a ƙasa, inda ta fi ƙanƙanta ta zama da'ira, to ka saitu. Ka fara da maleƙi mai ƙaramin ƙarfi, kamar mai milimita 25. In ka gama, ka kawar da na'urar daga rana tukuna, sannan ka cire matacin.

Da wannan matacin za ka ga fuskar rana fara, gefenta ya ɗan fi tsakiyarta dishi-dishi. Baƙaƙen tabo su ne abin kallo: cibiya baƙa ƙirin, kewaye da ita wani toka-toka mai zare-zare. Ba baƙi ba ne a zahiri, sanyinsu ne ya sa. Fuskar rana tana kusan digiri 5,500 a ma'aunin Selsiyos, cibiyar tabo kuwa ƙasa da 4,000. Faɗin rana ya ninka na duniya sau 109, don haka ɗan ɗigon da ka raina yana iya kai girman duniyarmu. Tabon da ya daɗe yakan ratsa fuskar rana daga gefe zuwa gefe cikin kusan mako biyu, kuma yawan tabo yana hawa da sauka a zagaye na kimanin shekara 11. Zagaye na 25 ya fara a Disambar 2019. Mai son lissafi yana iya bin hanyar da Rudolf Wolf ya fitar a 1848: ka ninka adadin rukunonin tabo da 10, ka ƙara adadin ɗaiɗaikun tabo.

Harsunan wuta da ake gani a gefen rana a hotuna ba za su fito da leda ba. Wannan sai na'ura ta musamman, irin ta Lunt ko Coronado, mai barin jan hasken haidirojin kaɗai ya wuce, wanda tsawon zangonsa nanomita 656.28 ne. Matacin haidirojin da ake ɗaukar hoton sama da shi da dare sunansu ne kawai ɗaya, kada ka kuskura ka nufi rana da shi.

Sai hoto. Kafin komai ka lissafa girman da rana za ta yi a kan sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara: ka raba tsawon fokas, wato nisan da na'urar take tara haske a wuri ɗaya, da 109. Na'ura mai milimita 1,000 za ta ba ka da'ira ta kusan milimita 9, wadda ta zauna daram a sensa irin APS-C mai tsayin kusan milimita 15. Da lensi mai milimita 200 ba za ta kai milimita 2 ba, manyan tabo ne kawai za su fito. Ka sa kyamara a tsarin hannu, ƙarfin jin haskenta (ISO) a kan 100, tana ajiye ɗanyen hoto (RAW), ka fara gwaji da 1/1000 na daƙiƙa, ka ƙara ko ka rage har jadawalin haske da kyamara take nunawa (histogram) ya tsaya wajen kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. In ya buga ƙarshe, tsakiyar rana ta wanke, babu gyaran da zai dawo da ita. Fokas da hannu ake yi: ka zuƙo hoton a allon kyamara sau goma, ka saita a kan tabo ko a bakin da'irar. Allon ba ya ganuwa a rana, sai ka lulluɓe kanka da shi da baƙin ƙyalle. Ka sake duba fokas kowane minti goma ko makamancin haka, domin bututu yana miƙewa in ya ɗumama.

Abin da yake kashe hoton rana ba ƙanƙantar na'ura ba ne, iska ce. Ƙasa tana zafi, iska mai ɗumi tana tashi, gefen rana ya riƙa rawa kamar ana kallonsa ta saman garwashi. Shi ya sa na'ura mai bakin milimita 80 zuwa 100 da safe takan doke mai 200 da tsakar rana. Ka fito awa ɗaya zuwa biyu bayan hudowar rana, ka kafa a kan ciyawa, ka guji hangen da zai bi ta saman rufin kwano, kwalta ko siminti. Rawar iskar ba ta tsayawa, amma tana lafawa na ƙiftawar ido, kuma wannan ƙiftawar ake farauta. Maimakon hoto ɗaya, ka ɗauki bidiyo da ƙaramar kyamarar taurari, wadda ba ta launi ta fi, ta manhajar SharpCap ko FireCapture, ka ajiye shi a tsarin fayil na SER. Kowane firam, wato hoto ɗaya a cikin bidiyon, kada ya wuce milidaƙiƙa 5, ka tara 1,000 zuwa 2,000 cikin daƙiƙa 30. In ka ja bidiyon da tsawo, ƙananan ƙwayoyin da ke fuskar rana, masu faɗin kusan kilomita 1,000 da ke sauyawa cikin 'yan mintuna, za su dame. Manhajar AutoStakkert za ta jera firam ɗin bisa kyau, ka ce ta haɗa kashi 10 cikin ɗari mafi kyau. Sannan ka ƙara kaifi da manhajar ImPPG ko RegiStax, kaɗan-kaɗan. Da ka ga farin zobe ya fito a bakin rana ko kewaye da tabo, ka zarce, ka koma baya. Koren mataci na nanomita 540 a gaban kyamara, bayan ledar ba a madadinta ba, yana fito da ƙwayoyin nan sosai.

Rana tana gusawa da faɗin kanta cikin kusan minti biyu, saboda haka in mazaunin na'urarka ba shi da injin bin ta, ka ajiye ta a gefen allo ka bar ta ta ratsa. Wani ɗigo kuma da za ka gani wanda ba ya gusawa tare da ita, ba tabo ba ne, ƙura ce a kan sensa. Ka ɗan taɓa bututun: tabo zai bi rana, ƙura za ta tsaya inda take.