Yadda za ka samu piyes ɗin tsohon mashin ɗin wanki a Yamai

Yawancin mashinan wankin da ke gidajenmu nan Yamai okaziyo ne, an yi amfani da su a Turai kafin su iso mana, saboda haka ranar da naka ya tsaya kar ka tsaya neman shagon kamfani, ba can maganinka yake ba. Kuma don Allah kar ka shiga kasuwa kana cewa "ina neman piyes ɗin Samsung", mai shago zai miƙo maka abin da ke gabanshi ne kawai. Sunan kamfani bai wadatar ba, lamba ake bi.

To ina lambar take? In mai ƙofa a gaba ne, buɗe ƙofar ka duba gefen bakin, akwai ƴar takarda manne. In babu, duba bayan ƙaramin murfin nan na ƙasa inda filta take, ko bayan mashin ɗin. Ɗauke ta foto da waya yadda kowane harafi zai fito. A Bosch da Siemens abin da kake so shi ne lambar da aka rubuta E-Nr a gabanta, har da lambobi biyun da ke bayan ƴar sandar nan (/), don su ke bambanta wani ƙiri da wani ko da fuskarsu iri ɗaya ce. Whirlpool kuma akwai doguwar lamba mai guda 12 ta sabis. Wasu mata wajen goge mashin da omo sun kankare takardar tuni, in haka ne ba komai, piyes ɗin da ya lalace shi ma yana da tashi lambar a jikinshi, kuma ni na ma fi yarda da ita.

Kafin ka kwance komai cire fulogi, rufe famfo, ka zubar da ruwan ciki ta wajen filta. Ka yi foton wayoyi kafin ka zare su. Sannan ka tabbatar abin ya mutu da gaske, don sau da yawa ba piyes ba ne matsalar. LG in ya rubuta OE, Samsung 5E ko 5C, Bosch E18, duk ruwa ne bai fita, kuma galibi dala ashirin ce ko maɓalli ko fil ɗin kallabi ya maƙale a filta. IE a LG ko 4E a Samsung ruwa ne bai shiga, ka kwance tiyo na baya ka wanke ƴar rariyar da ke bakin, yashi ke toshe ta, ko kuma ruwan famfon ne bai da ƙarfi a lokacin. Kar ka sayi komai sai ka duba waɗannan.

Yanzu abin da mutane da yawa ba su sani ba: kamfanonin nan ba su ke ƙera kowane abu na ciki ba, saye suke yi. Pompon fitar da ruwa misali, za ka ga an rubuta Askoll ko Plaset a jikinshi ko da mashin ɗin wane iri ne, abin dubawa shi ne ƙarfinshi, wanda yawanci tsakanin wat 30 zuwa 40 yake, da yadda yake kamawa, da kusa ne ko murɗawa ake yi ya kulle. Kuruwa, wato bel ɗin da ke juya ganga, ita ma haka, in ka ga 1195 H7 a bayanta ma'anarshi tsawo milimita 1195, haƙora iri H, layi 7. Tsawo da harafin dole su yi daidai, H ba ta zama a gurbin J. Rulma kuwa, wato boris ɗin da ganga ke juyawa a kai, ita ce mafi sauƙi duka, 6204, 6205, 6206, iri ɗaya ce da wadda masu piyes ɗin mota da na injin niƙa ke saidawa, ba sai ka je wajen masu mashin ɗin wanki ba. Amma fa in za ka canza rulma ka canza robar da ke tare ruwa a gabanta, ita ma girmanta na rubuce da lambobi uku, in ka bar tsohuwa ruwa zai sake cinye sabuwar rulmar, an yi ba a yi ba kenan. Mashin ɗin da moto ɗinshi ya daina juyawa ko yake tartsatsi, sau da yawa sharbon ne, wato ƴan gawayin nan biyu da ke cikin moto, ya cinye, a canza duka biyun. LG masu rubutun Direct Drive ba su da kuruwa ba su da sharbon, kar wani ya ce ya canza maka su.

Sai kuma dangantaka. Bosch da Siemens gida ɗaya ne. Indesit da Ariston haka, kuma Whirlpool ta saye su a 2014. Electrolux, AEG, Zanussi da Arthur Martin na Faransa su ma ƴan uwa ne, haka Candy da Hoover. In ka ga mataccen mashin na ɗan gidan naka, akwai yiwuwar makullin ƙofa ko pompo ya shiga, amma dai a gwada ido da ido.

Ina za a je? Kasuwar Katako tukuna, wajen masu feraye da masu kwance tsofaffin kaya, sannan masu gyaran firigo da kilim na cikin unguwanni, da yawansu suna aje da matattun mashina a bayan shago suna cire kaya a jiki. Tafi da tsohon piyes ɗin a leda, ka aza shi kusa da wanda za a ba ka, ka ƙirga ramukan kusa da ƙafafun waya. Ku yi magana tun kafin ka biya: "Maigida, in bai shiga ba zan maido, ka yarda?" In ya ƙi, wuce gaba. Robar ƙofa da shok na okaziyo ni ban so, zafin garin nan ya riga ya gasa su. In an rasa a Yamai, tura foton lambar ta WhatsApp ma wani mai zuwa Kano ko Legas, Sabon Gari da Alaba ba su cika rasawa ba, ko ɗan uwa da ke Faransa ya saya ta intanet ya ba mai tahowa. Tun 2021 dokar Turai ta wajabta ma kamfanoni aje piyes na shekara 10, sai dai tsofaffin namu sun riga dokar. Kar a kawo maka na Amurka, wutarsu 120 ce tamu 220.

Masu mashin ɗin roba mai baki biyu, naku sauƙi ne: taima, kuruwa, kondansater. Karanta lambar µF a jikin kondansater ka sayi daidai ita, kuma kar ka taɓa bakinta da hannu, tana riƙe wuta ko bayan an cire fulogi. Moto in ya ƙone masu naɗin waya suna yi.

Inda nake cewa mutum ya yi lissafi wuri biyu ne. Na farko kart, wato ƙwaƙwalwar mashin, wadda hawa da saukar wuta ke kashewa musamman lokacin zafi. Ita dole lambarta ta yi daidai harafi da harafi, wata ma sai an saka mata program, don haka ka fara kai ta wajen mai gyaran telebijin, wani lokaci abu ɗaya ne ƙarami ya ƙone a kai, in ta tashi ka saya mata regilater. Na biyu gangar da aka liƙe, wadda ba ta da kusoshi a tsakiya, rulmarta ba ta fita sai an yanka da zarto an sake liƙewa, kuma ba kowane mai gyara ke iya yi ba tare da yoyo ba. In kart ta mutu kuma gangar liƙaƙƙa ce tana ƙara, saida shi ma masu gyara su cire piyes, ka cika kuɗi ka sayi wani, kuma wannan karon ka leƙa gangar da takardar lambar kafin ka biya.