Yadda Ake Ziyartar Tsofaffin Majami'u da Gine-ginen Badagry

Badagry ƙaramin gari ne a yammacin Jihar Legas, kusa da iyakar Seme da ke tsakanin Najeriya da Jamhuriyar Benin. Mutanensa na asali su ne Ogu, waɗanda ake kira Egun, kuma sarautar garin ita ce Akran. Yawancin gine-ginen tarihinsa suna kusa da juna a titin Marina da ke bakin ruwa, saboda haka wuni guda ya isa a zaga su, muddin an yi sammako. Idan daga Legas za ka taso, ka shiga mota a Mile 2 bayan sallar asuba, domin hanyar ta yi suna wajen cunkoso da shingayen bincike. Ka riƙe katin shaidarka da ƙananan kuɗi, tunda kowane wuri da kuɗin shigarsa.

Ka fara da inda bishiyar Agia take a da. A ƙarƙashinta ne Thomas Birch Freeman na ɗarikar Methodist ya yi wa'azi a watan Satumba na 1842, kuma a nan shi da Henry Townsend na ƙungiyar mishan ta ɗarikar Anglican mai suna CMS suka yi bikin Kirsimeti a ƙarshen wannan shekara. Iska ta kayar da bishiyar a 1959, yanzu wata hasumiyar tunawa ce a gurbinta. Daga nan sai majami'ar Methodist mai ɗauke da sunan Freeman, da majami'ar St. Thomas ta ɗarikar Anglican, wadda makarantar firamarenta take cikin mafiya daɗewa a ƙasar nan. Kada ka je ranar Lahadi da safe idan kallon gini ne ya kawo ka, domin lokacin ibada ne. Ka yi sallama, ka nemi izinin mai kula da wurin kafin ka shiga ko ka ɗauki hoto, sannan ka sani cewa ba a tuɓe takalmi kamar yadda ake yi a masallaci, amma maza kan cire hula. Ka roƙi a kai ka makabartar mishanonin farko, ka karanta shekarun da ke jikin duwatsun kaburburan, za ka ga yadda cuta ta riƙa ɗauke su da ƙuruciyarsu.

Inda ya fi dacewa ka daɗe shi ne gidan benen da Rabaran Gollmer na CMS ya kammala a 1845. Matakalarsa ta katako ce, don haka ka hau a hankali, kada ka jingina da taga ko ka shafa tsofaffin littattafan da aka ajiye, cikinsu har da Littafi Mai Tsarki da harshen Yarabanci, aikin da ake dangantawa da Samuel Ajayi Crowther, wanda ya zauna a gidan. Jagora zai gaya maka cewa wannan ne bene na farko a Najeriya. Ka saurare shi cikin ladabi, amma duk wanda ya san hasumiyar Gobarau ta Katsina da benayen ƙasa na birnin Kano ya san an daɗe ana ɗora gini bisa gini kafin zuwan Turawa. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne a ce yana cikin benaye na farko da aka yi a kan tsarin ginin Turawa, kuma wannan bai rage masa daraja ba.

Shawarata ita ce kada ka tsaya a majami'u kaɗai, domin rabin labarin ne. Ka leƙa gidan tarihi na Heritage, wanda aka gina a 1863 a matsayin ofishin D.O., wato jami'in mulkin gunduma na Turawa, sannan ka wuce gidan Seriki Williams Abass, wanda shi kansa bawa ne kafin ya zama dillalin bayi, ya kuma rasu a 1919. An ce ɗakuna 40 ne aka riƙa tsare mutane a cikinsu. Ka shiga ɗaya daga waɗanda aka bari a buɗe, ka dubi ƙanƙantarsa da 'yar kafar da iska ke shigowa, ka ɗaga sarƙar da jagora zai miƙo maka ka ji nauyinta. Har yanzu zuriyarsa na zaune a gidan, don haka ka gaisa da su kamar yadda baƙo ke yi. Bahaushe ba bare ba ne a wannan tarihi, domin ta tashoshin wannan gaɓa aka kwashi Hausawa da yawa zuwa Bahia a Brazil, inda suka shirya tawaye tun daga 1807. Daga Badagry kuma Turawan Birtaniya masu yawon bincike, Clapperton da Richard Lander, suka kama hanya a ƙarshen 1825 zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato.

Ka ajiye tsibirin Gberefu zuwa ƙarshe, amma kada ka bari la'asar ta yi sakaliya. Ka daidaita kuɗin zuwa da dawowa da mai jirgin ruwa tun kafin ka shiga, ka nace sai an ba ka rigar kariya daga nitsewa. Bayan ƙetarewa akwai tafiyar ƙasa cikin rairayi da rana, wadda ta ratsa ta gefen rijiyar da aka ce bayi na sha daga cikinta, har zuwa bakin teku inda aka riƙa loda su a jirage. Ka tafi da ruwan sha da takalmi mai daɗin tafiya, ka kuma komo cikin gari da sauran haske, saboda hanyar Legas ta fi wahala da dare.